Ɗana ya ce shi infesta ne, ba ɗan caca ba

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni tela ce a Asawase, Kumasi. Ɗana na fari shekararsa 22, yana koyon gyaran waya a wajen PZ a Adum. Watannin nan in yana waya da abokansa ba na gane rabin abin da yake faɗa: wai ods, wai silif, wai a turo masa bukin kod, wai gem ɗaya ne ya yanka shi. Na ce masa caca kake yi? Ya rantse ba caca ba ce, shi infesta ne, lissafi yake yi. Shekaranjiya ya roƙe ni sidi 200 wai zai yi rol-oba, cikin kwana goma zai mayar mini har da riba. Don Allah wanda ya san abin nan ya fassara mini wannan yaren, in san da me nake fama."

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ma'anar kalmomin da yaron ke faɗa, da kuma ko abin da ke bayansu sana'a ce kamar yadda ya ce. Shekara huɗu na yi a bayan kanta a wani shagon bet, inda ake zuba kuɗi a kan wasannin ƙwallo, a nan Kumasi. Ni ke karɓar kuɗi, ni ke buga takarda, ni ke ƙirga wa wanda ya ci. Daga baya na bar aikin, yanzu lissafi nake koya wa yara a wata makaranta. Yaren nan na daɗe ina jin sa daga gefen mai karɓar kuɗi, kuma abin da na lura da shi, kalmomin da mutum ya fi yawan faɗa su ke nuna zurfin da ya yi. In kin iya su, ba sai kin binciki wayarsa ba.

Mu fara da rantsuwar tasa. Caca ce, Hajiya, gwamnati ma a haka ta rubuta ta. Kamfanonin da kike ganin allunansu daga Aboabo har Kejetia, irin su SportyBet da Betway da Soccabet, lasisinsu daga Gaming Commission of Ghana yake fitowa, hukumar da dokar 2006 mai lamba 721 ta kafa don kula da wasannin sa'a. Ba Bankin Ghana ke duba su ba, ba kuma hukumar kasuwar hannun jari ba. Wanda bai kai shekara 18 ba doka ta hana shi shiga. Ita kuwa kalmar infesta, wato mai zuba jari, da barkwanci samari suke kiran junansu da ita, yadda ake ce wa mai baro direba. Na fi jin ta a bakin jama'a lokacin da gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan abin da aka ci, a watan Agustan 2023, aka yi ta kukan an takura wa infestoci, har aka soke harajin a watan Afrilun 2025. Wasa-wasa dai wasu suka yarda da sunan. Yaron da ya tashi a Zango ya san hukuncin caca tun yana makaranta gaban malam, kunnensa ba ya son jin kalmar, in aka canza mata suna sai zuciya ta samu wurin ɓuya. Duk zaman da na yi a kanta ban taɓa jin wanda ya ce zai yi caca ba. Cewa ake yi zan sa gem, wato wasa, ko zan yi sitek.

Abin da ke rubuce a takardar

Sitek shi ne kuɗin da mutum ya zuba. Ods ita ce lambar da ake ninka kuɗin da ita in ya ci: sidi 10 a kan ods 2.00 zai dawo sidi 20, amma goman da ya zuba tana ciki, riba goma ce kawai. A nan yara ke ruɗa iyaye, su ruɗa kansu. Zai ce miki ya ci 150, ba zai ce 100 ya zuba ba, balle na jiya da na shekaranjiya da ba su dawo ba. Ƙaramar ods kamar 1.20 alama ce kamfani na ganin abin zai faru, babba kamar 8.00 kuwa da wuya.

Silif ita ce takardar da ke ɗauke da wasannin da ya zaɓa. A zamanina takarda ce ta gaske, doguwa kamar rasit ɗin kanti. Yanzu tana cikin waya, kuɗin kuma ta MoMo, asusun kuɗi na waya, yake fita, ba mai ganinsa yana shiga shago balle a kawo miki labari. Bukin kod 'yan haruffa ne da lambobi da ke tsaye a madadin silif ɗin wani: ka shigar da su a manhaja, duk wasannin da wancan ya zaɓa su bayyana, kai kuɗi kawai za ka sa. To mai cewa a turo masa bukin kod, ina lissafin da yake yi? Kwafa yake, irin ɗalibin da ya leƙa takardar na kusa da shi, wanda shi ma leƙawar ya yi.

In kin ga 1, X, 2, to 1 masu gida su ci, X kunnen doki, 2 baƙi su ci. A wasan Kotoko da Hearts a filin Baba Yara, 1 Kotoko ce. Dabul cans haɗa biyu ne cikin ukun, kamar 1X, Kotoko ta ci ko a tashi canjaras. Oba da anda ba ruwansu da wanda ya ci, ƙwallayen da suka shiga raga ake ƙirgawa: oba 2.5 uku ko fiye, anda 2.5 biyu ko ƙasa. Za ki ce ai ba a cin rabin ƙwallo. Gaskiya ne, an sa rabin ne don kada a tsaya a tsakiya, dole ko ka ci ko a ci ka. Ji-ji, wanda ake rubutawa GG, kowane ɓangare ya zura aƙalla ɗaya. Handikaf kamar tseren yara ne da ake ba ƙaramin tazarar 'yan taku kafin a fara, ana ba ƙungiya mai rauni ƙwallo ɗaya ko biyu a takarda. Koret sko faɗin sakamakon ne daidai. Har bugun kwana da katin gargaɗi ana zuba kuɗi a kansu, shi ya sa za ki ga saurayi a bes, wato majalisar samari, yana tsalle don an samu kwana a wasan da ba ya goyon bayan kowa.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta fi jawo mini zagi a kanta. Galibin zaɓin nan minti 90 da ɗan abin da alƙalin wasa ya ƙara suke ƙirgawa, ƙarin lokaci da bugun fenariti ba sa ciki. Ki tuna daren 2 ga Yulin 2010, Ghana da Urugwai a Afirka ta Kudu. Muntari ya ci, Forlán ya farke, Asamoah Gyan ya buga fenariti a sandar raga a ƙarshen ƙarin lokaci, Urugwai ta wuce da bugun fenariti. Kowa ya san wanda ya yi nasara a daren, amma a takardar bet sakamakon X ne, 1-1. Wanda ya zaɓi Urugwai ta ci, shi ma kuɗinsa ya tafi tare da namu baƙin cikin.

Kalmar da ba a koya musu

Akwai kalma ɗaya da ba za ki ji yaran suna faɗa ba, ita ce majin, wato rabon gida. Ki ɗauki kwabo ki wulla sama, ko ya faɗi ta gaba ko ta baya. Adalci shi ne kowane gefe a biya shi ods 2.00. Kamfani sai ya ba da 1.90. Wani ya zuba 100 a gaba, wani 100 a baya. An karɓi 200, an biya wanda ya ci 190, goma ta kwana a gida ko ta ina kwabon ya faɗi. Kowace ods da yaron ya gani an riga an yi mata wannan ƙwangen. Yana iya gwadawa da kansa: ya raba 100 da kowace ods ta 1, X da 2, ya haɗa amsoshin. Misali 2.10 da 3.20 da 3.40 za su ba shi 47.6 da 31.3 da 29.4, jimla 108 da 'yan ɗigo. Abin da ya haura ɗari, a nan gida ke cin abinci.

Ke tela ce, za ki fi ni gane wannan. Kamar mai sayar da yadi ne wanda sandar awonsa ta gaza da inci biyu. A yadi ɗaya ba kya lura. Sai kin sayi da yawa, kin zo yanka, ki tarar hannun riga babu.

Sayen da yawan shi ake kira maltibet ko akumuleta, yaran kuma su ce dogon silif ko lon gem. Ana jera wasanni da yawa a takarda ɗaya, a ninka ods ɗinsu da juna, amma sai duka sun shiga kafin a biya ko fesuwa ɗaya, wato ko kwabo. Ga misali da nake ba ɗalibaina. Wasa goma, kowanne ods 1.50. In aka ninka, jimlar ta kai wajen 57, sidi 10 ya zama 570 da wani abu. Ido ya gani, rai ya biya. To a ce kowane wasa damar shigarsa ta gaskiya kashi 63 ce cikin 100 bayan an cire rabon gida. Damar goman su shiga gaba ɗaya ba ta wuce ɗaya cikin ɗari ba. Abin da ke faruwa sau ɗaya cikin ɗari ake biyansa ninki 57. Incin nan biyu da ba a gani a yadi ɗaya, a yadi goma ya cinye kusan rabin ɗinkin. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni ke ƙara bonas in ka ƙara yawan wasanni a silif. Ba a taɓa ba wanda ya sa wasa ɗaya irin wannan bonas ɗin ba, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Nan muka zo kan maganar da ta fi yawa a bakin ɗanki: gem ɗaya ne ya yanka ni. Yanka, ko kot, shi ne wasan da ya ƙi shiga ya ɓata silif. Ki lura da yadda ake gina maganar. In an samu, cewa ake na ci, ko a rubuta bum a saka hoton koren silif, wato wanda ya ci, a WhatsApp kowa ya gani. In an rasa, ba mai cewa na yi asara. Chelsea ce ta yanka ni, alƙalin wasa ne ya yanka ni, wani ɗan wasa a Turkiyya da bai san da zamana a duniya ba shi ya yanka ni. Nasara tawa, asara ta wani. Kuma a misalin nan na wasa goma, in kika buga lissafin, damar tara su shiga ɗaya ya yanka ta ninka damar goman su shiga kusan sau shida. Ashe saura ƙiris ɗin da yake ji ba alamar ya kusa ba ce, haka tsarin yake fitar da ita a kai a kai, kuma ita ce ke dawo da mutum gobe.

Akwai wani mai pragya, keke mai ƙafa uku na haya, da ke zuwa wurina kowace Asabar da hantsi, magidanci, ba ya hayaniya. Yakan zo da wasanninsa a rubuce a bayan kwalin sigari, ashirin ko fiye, ya miƙo sidi biyar, in buga masa takarda ta sauko har ta taɓa saman kantar. Sai ya naɗe ta ƙanana-ƙanana ya tura cikin hularsa. Wata Litinin ya shigo ya warware ta a gabana, ya bi layi-layi da biro duk ya yi musu alamar shiga, ban da ɗaya a can ƙasa, wani wasa a rukuni na biyu na Holan da aka farke a minti na ƙarshe. Bai zo faɗa ba, so yake in gani, in shaida. Na ce masa sannu. Ya mayar da takardar cikin hula. Bayan wata biyu na sake ganinta a hannunsa yana nuna wa wani yaro, ta yi laushi ta fara yagewa a lanƙwasa. Sauran takardun da suka faɗi tun wasan farko, waɗanda suka fi ta yawa nesa ba kusa ba, a kwandon sharar bakin ƙofa yake zubar da su. Tun daga Asabar ɗin da ta biyo baya sidi ashirin ya koma sawa.

Banka, shuwa ods da masu sayar da sirri

Banka tsohuwar kalma ce, daga loto aka gado ta. Iyayenmu sun san banka da tu shuwa da fam, salon zaɓen lambobi, a wurin masu kiyos ɗin loto, da masu allo da alli a tasha da ake kira loto dokta suna zana lambobi. A bet, banka shi ne wasan da mutum ya ɗauka ba makawa zai shiga, ya ɗora sauran a kansa. Ajantina da Saudiyya a Katar ranar 22 ga Nuwamban 2022 banka ne a idon kusan kowa, Saudiyya ta ci 2-1. Mu ma nan gida, a watan Janairun shekarar, wa ya zaci Komoros za ta ci Black Stars 3-2 a Garwa ta kore mu daga kofin Afirka? Ods 1.20 ba ta ce dole ba, cewa ta yi a cikin wasa shida irin wannan wajen ɗaya zai ƙi. Mai jera banka shida a silif ya riga ya gayyaci wanda zai yanka shi.

Tifsta shi ne mai ba da hasashe, shuwa ods kuma hasashen da ya ce ba ya faɗuwa. Suna cike da Telegram da WhatsApp da TikTok, da zaure na kyauta da na VIP da ake biya. Dabarar wasunsu ba ta da wuya. A tara mutum 800, a ce wa rabi oba, rabi anda. Gobe a bar waɗanda aka faɗa wa kuskure, a raba 400 ɗin da suka rage biyu. Jibi 200. Bayan kwana uku akwai mutum 100 da suka ga malam ya faɗi daidai sau uku a jere, kuma su ne za su rantse miki da Allah mutumin nan ya san abin da yake yi. A ranar ake ce musu su turo kuɗin VIP. Hotunan koren silif da suke sakawa kuwa, yaron da ke gyaran waya a PZ ya fi ni sanin yadda ake gyara hoto. Da ungulu na da maganin sanƙo da kanta za ta fara.

Fiks, wato wasan da aka tsara sakamakonsa, ba zan ce miki babu shi ba. A watan Yulin 2021 AshantiGold ta ci Inter Allies 7-0 a Obuasi, biyu daga ƙwallayen ɗan bayan Inter Allies, Hashmin Musah, shi ya zura su a ragarsu da gangan, ya ce ya ji an tsara a tashi 5-1 ne ya ɓata shirin. Hukumar ƙwallon Ghana ta yi bincike, a 2022 ta jefa ƙungiyoyin biyu mataki na uku. Amma ki duba, ko wanda aka ce an tsara ɗin bai tashi yadda aka tsara ba. Kuma mai irin wannan sirri da gaske ɓoye shi yake yi, domin da zarar kuɗi sun yi yawa a sakamako ɗaya kamfani zai rage ods ko ya rufe wasan. Wanda ke tallar fiks a sidi 50 ga duk mai waya, ƙanen ɗan sakawa ne, mai damfara ta intanet.

Kash awut zan wuce ta da sauri. Kamfani ne ke yi maka tayin ka karɓi wani abu kafin wasannin su ƙare, ka haƙura da sauran. Tayin kullum yana ƙasa da ainihin darajar silif ɗin, an sake cire rabon gida. Ko an karɓa ma, kuɗin cikin akawun ɗin bet suke zama, kuma a ganina ba kasafai suke kwana ba. Boid kuwa wasan da aka ɗage ne ko aka soke, a mayar da ods ɗinsa 1.00.

Rol-oba, da abin da ke bayanta

Ga abin da ya roƙi kuɗinki dominsa. Rol-oba ita ce ka sa kuɗi yau a ƙaramar ods, in ka ci ka kwashe uwa da riba ka sa gobe, haka har kwanakin da ka ɗiba. Sidi 10 a ods 2.00 kullum, in ya shiga kwana goma a jere, zai zama 10,240. Sidi 200 ɗinki zai zama sama da dubu 200. Lissafin ninkawar daidai ne, ba ƙarya ya yi miki a nan ba. Rabin lissafin ne ya bari: ko da babu rabon gida, damar cin kwana goma a jere ɗaya ce cikin 1,024, kuma faɗuwa ɗaya a kowace rana tana tafiya da komai. Dogon silif ne aka shimfiɗa shi a kan kwanaki, ya ɗauki kamannin susu, wato adashi, kullum ana tarawa. Bambancin, mai susu ba ya zuwa rana ta bakwai ya ce miki Arsenal ta yi canjaras.

Kalmomin da suka fi tayar mini da hankali ba su cikin waɗanda kika lissafo, kuma ina fata kada ki ji su. Ta farko bacuwal: wasannin ƙwallo ne na kwamfuta, ba 'yan wasa ba fili, kowanne 'yan mintuna ya ƙare wani ya fara, dare da rana. Ta biyu Aviator, wani ɗan jirgi da ke tashi a allon waya, lamba tana hawa, sai ka cire kuɗinka kafin ya ɓace, cikin daƙiƙoƙi. A nan ko hujjar sanin ƙwallo babu, na'ura ce ke fitar da sakamako. Mai jiran wasan Asabar yana da kwana shida da zai huce ya yi tunani. Mai bacuwal ba shi da ko minti biyar. Abin da mai pragyan nan ke rasawa a wata, na ga ɗalibi ya rasa shi tsakanin azahar da la'asar bai tashi daga kujera ba. Ta uku ita ce rikoba, ko a ce zan fanshe, zan dawo da kuɗina. Duk wanda ya fara faɗin haka ya daina neman riba, ramin da ya faɗa yake son cikewa, kuma da kuɗin wani ake cike shi: bashin MoMo, kuɗin gyaran wayar kwastoma, kuɗin uwa.

To in na auna da abin da kika rubuto, ga yadda nake gani. Ods da silif da bukin kod yaren kusan kowane bes ne a Zango yau, wanda ya sa sidi biyu ranar Asabar ma yana faɗarsu. Yanka in ta yi yawa a baki, ya fara ɗaukar abin da zafi. Amma neman kuɗi a hannun uwa don rol-oba, tare da alkawarin ranar biya, wani mataki ne daban. Sau da yawa wanda ya kai nan nasa sun riga sun ƙare. Ban ga yaron ba, ban san abin da ke aljihunsa ba, saboda haka ki ɗauki wannan a matsayin abin da ya kamata ki bincika.

Zai ce miki akwai masu ci. Akwai, kada ki musa masa, in kika musa zai nuna miki hoto ya ce ba ki san komai ba. Ni da hannuna na ƙirga wa mutane kuɗi masu kauri. Sai dai da yake ni ne a kantar, na ga inda yawancinsu suka koma: wurina, kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni. Abin da ya kamata a tambaya ba ko ya taɓa ci ba, nawa ya shiga nawa ya fita. Ki zaunar da shi ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba, ba kuma ranar da aka yanka shi ba. Ki ce tunda infesta ne, kowane ɗan kasuwa yana da littafi. Ya buɗe tarihin akawun ɗinsa a manhajar, da saƙonnin MoMo na wata uku, ya rubuta abin da ya tura a gefe ɗaya, abin da ya ciro zuwa MoMo a ɗaya gefen, shi da kansa ya haɗa. Kada ki karɓi lissafin abin da ya ci a cikin manhaja, wanda ya fito hannu kawai. Ban taɓa haɗuwa da ɗan bet da ya san wannan lambar da ka ba, kuma na ga waɗanda ganinta a rubuce ya yi musu abin da faɗan shekara bai yi ba. In ya ƙi buɗewa, wannan ma amsa ce.

Yawancin manhajojin kamfanoni masu lasisi suna da wurin da mutum zai sa wa kansa iyakar abin da zai tura, ko ya rufe akawun na wani lokaci. In ya yarda, ku yi tare a gabanki, ki kuma tambaye shi manhaja nawa yake da ita, don da wuya ta zama ɗaya. Ɓangaren addini ba fagena ba ne, malamai sun fi ni, ayoyin suna cikin Baƙara da Ma'ida kuma ya san su. In akwai kawunsa ko wani malami da yake jin nauyi, wanda zai yi masa magana ba tare da tozarta shi a unguwa ba, ki sa shi ciki. Idan kuwa ya kai ga yana son bari ya kasa, ba ya barci, yana sayar da kayansa ko yana taɓa na mutane, to ya wuce nasiha kaɗai. Likitoci sun san wannan a matsayin cuta, kuma akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye.

Na bar kanta da 'yan shekaru, kamfanoni kuma kullum suna ƙirƙiro sababbin sunaye, don haka za ki iya jin wata kalmar da ban kawo ba. Ki tambaye shi abu biyu a kanta: nawa ake zubawa, kuma me zai faru da kuɗin in abin bai shiga ba.

Sidi 200 ɗin kuwa kada ki ba shi. In zuciyarki ba za ta iya hana shi gaba ɗaya ba, ki tambayi maigidansa a wurin aiki abin da yaro mai koyon gyara ya fi buƙata, ki bi shi Adum ki saya masa da hannunki. Kada ki tura ta MoMo, daga MoMo zuwa manhajar bet ba ya kai minti ɗaya.